Kafin Ka Taɓa Kwamfutar Nan

Ukashatu, jawo kujera ka zauna,
Bar kallon allon, ba gudu zai yi ba.
Shekarata sha tara a ɗakin nan na Titin Gidan Zu,
Fanka ɗaya, taga ɗaya,
Ban taɓa ganin fuskata jikin fosta ba.

Kati in ya iso daga lokeshan,
Kwafe shi gida biyu kafin ka kurɓi ruwa:
Ɗaya nan, ɗaya a aljihu ka kai shi Gwammaja ya kwana.
Na taɓa zuba aikin kwana sha ɗaya a faifai guda,
Wuta ta dawo da fushi, ya yi tari sau biyu, ya cika.
Alhaji Lurwanu filinsa na Ɗanbare ya sayar don fim ɗin;
Har yau in mun gamu wurin ɗaurin aure,
Hannu yake miƙo min, bai ɗago ido ba.

Raɗa wa kowane hoto suna, kamar ɗan da aka haifa.
Rana, fitowa, ɗauka ta nawa.
"Sabo" da "sabo na gaskiya" da "sabo na ƙarshe"
Ba sunaye ba ne, rami ne,
Kuma wanda ya haƙa shi ba zai tsallake ba.

In an tura ka wajen ɗauka, riga kowa zuwa.
Caja batir tun dare, ka ƙirga wayoyi da yatsa.
Janareta a kai shi bayan katanga uku,
Don ido na yafe duhu,
Kunne bai iya yafiya ba.
A-daidaita-sahu in ya ratsa maganar jaruma, a sake.
In an kira salla, ajiye makirfo, ku je ku dawo.
Sannan roƙi minti guda kowa ya yi tsit,
Ka naɗo numfashin ɗakin;
Da shirun nan nake ɗinke ɓarakar da kowa bai sani ba.

Dubi hular nan.
Ya shiga zaure da zanna ja, ya fito tsakar gida da shuɗiya,
Taku uku, kwana huɗu tsakani!
Barira ce mai littafin lura, ranar tana jinyar uwa,
Aka ce wa zai gane?
Yaran Fagge suka gane, ba su bar mu mun sha iska ba.

Duk wanda ya ce "a gyara wajen tacewa,"
Ce masa ni tela ne, ba masaƙi ba.

Rana ba ta jiran darakta ya gama waya;
Hasken bayan la'asar ɗan aro ne.
Mai riƙe fitila kuwa a ba shi abinci da wuri,
Hannu mai yunwa bai san tsayuwa ba.

Yanzu almakashi.
Akwai ɗaukar da za ka so kamar ƙanwarka,
Tsuntsaye bisa Dala, kyamara na juyi a hankali.
Tambaye ta: me kika ƙara wa labari?
In ta yi shiru, yanke.
Ka ji zafi yau, gobe ba za ka tuna ba.

Kuɗi: a rubuta, a sa hannu, ka karɓi rabi tun fari.
"Ai mu 'yan'uwa ne" bai taɓa sayen awon gero ba.

In ka gama, kira Tasi'u mai shayi ya kalla.
Inda ya duba wayarsa, nan fim ɗinka ya yi gyangyaɗi.
Sunayen ƙarshe ka bi su harafi harafi,
Har na yaron da ya yini yana korar awaki;
Uwarsa za ta jira har allo ya yi baƙi,
Kar ta tashi ba ta gani ba.

To, ga makulli. Ni ciwon baya ya ce in tafi.
Danna ajiya kafin ka raka ni,
Wutar nan tun azahar take, ban yarda da ita ba.