Afrilu a Kan Tudun Kobala

Da sassafe muka hau Kobala,
ni da Zdenka, kowa da jakarsa a baya.
Ƙanƙara na zaune bisa tsaunuka har yau
kamar baƙon da ya ƙi yin sallama,
amma can ƙasa, wajen Tolmin,
gonakin da aka huɗe jiya sun yi baƙi, suna shan rana.

Zdenka ta ce, "Halin Afrilu ke nan.
Sama sanyi, ƙasa zafi.
Iskar da za ta taso yau ba ta da ladabi."

Wata biyar laimata na naɗe a kabad.
Na shimfiɗa ta kan ciyawa mai raɓa,
ja da fari, tana warin ɗaki.
Na bi igiyoyin ɗaya bayan ɗaya
kamar mai tsefe wa 'yarsa kai,
na cire wani busasshen ganye na kakar bara.

Sai jira.
Wanda bai iya jira ba, kada ya hau nan.
Ƙyallen da aka ɗaura a sanda
ya ɗaga, ya faɗi, ya nuna gabas, ya canza magana.
Tilen, yaron nan mai sabon kwalkwali,
ya ci tuffa biyu, ya duba agogo sau goma,
ya gaji, ya ruga, ya tashi,
muka bi shi da ido yana zurarewa ƙasa.
Ni kuwa hankalina na kan wata ungulu
da ta bar bakin dutse ba ta kaɗa fiffike ba,
ta zagaya, ta zagaya, ta ƙanƙance.
Zdenka ta ce, "To, an kafa tsani."

Taku uku.
Na huɗu bai sami ƙasa ba.

Ba zan ɓoye ba, iskar ba ta yi mini maraba ba.
Fizgata ta yi, kamar maraƙin da bai san igiya ba.
Na'urar da ke cinyata ta kama kuka,
mita huɗu a daƙiƙa, biyar,
cikina ya rage a baya.
Na kwanta hagu, na ja birki, na shiga zagaye,
ina lalube kamar mai neman ƙofa cikin duhu,
don wannan tsani ba ya ganuwa,
da kwankwaso ake jin matakansa.

Kwatsam gefen dama ya karye.
Ƙara kamar an kaɗe zanen gado.
Rabin laima ya zama tsumma,
tudu ya karkace, kogi ya hau sama.
Sai muryar marigayi Drago, da ya koya mana:
"Kada ka kalli ƙasa, ba inda za ta je.
Kalli laimarka.
Ba da nauyinka ga gefen da ke da rai."
Na bayar.
Daƙiƙa biyu, ko shekara guda,
ta buɗe, fau!
Na ji ina zagin ta, ina yi mata godiya.

Daga nan sai hawa.
A gindin gajimare yatsuna sun ƙandare,
kogin Soča ya koma koren zare
wanda tela ya yar a tsakar shago.
Abin mamaki, nan sama, mita dubu biyu,
na ji warin taki.
Wani ɗan karan ciyawa ya wuce ta gaban hancina
yana juyi, shi ma hawa yake,
ba laima, ba kwalkwali, ba tsoro.

Na sauka kusa da shingen shanu.
Gwiwoyina suka ƙi ɗaukata, na zauna.
Tilen ya daɗe da naɗe kayansa,
yana tsinkar furanni rawaya, bai ce komai ba.
Zdenka ta diro bayana, leɓenta shuɗi,
ta miƙo mini shayi, murfin na rawa a hannunta.

Ta ce, "Yaya ka gan ta?"
Na ce, "Ba ta da ladabi."
Muka yi shiru, wata saniya na kallonmu.
Can na ce, "Gobe ƙarfe nawa?"