Babban Yatsa

Shekara talatin ina haƙar rijiya,
daga Mani har Muduru ba inda dagina bai sauka ba.
Ni a wurina ƙasa ƙyaure ce kawai,
a ture ta gefe, a kai ga ruwa.

Sai ga mutanen jami'a da rani
sun sauka Durɓi ta Kusheyi, bayan gonar Nomau,
suna cigiyar mai ƙarfin dantse.
Na zo da dagi, na zo da diga.
Malama Barira ta dube su, ta yi murmushi,
ta miƙo mini cokalin magina
da 'yar tsintsiyar da ba ta kai tafin hannu ba.

Na ce, "Malama, da wannan
sai jikana ya yi furfura ba mu ga laima ba."
Ta ce, "Baba Ɗangoje, ba ruwa muke nema ba."
"To, zinariya?"
"A'a."
"Gawa?"
"Mutane," ta ce, "da yadda suka rayu."
Na ce a raina, boko ya taɓa yarinyar nan.

Suka ja zare, suka yanka fili
kamar mai awara a kan faranti.
Wuni guda, kamu ɗaya muka nutsa.
Abin da ni nake watsarwa da guga
su tankaɗe shi suke da rariya,
sai ka ce garin tuwon suna.

Ta nuna mini bangon ramin:
ja daga ƙasa, toka a tsaka, baƙi-baƙi a bisa.
"Nan an hura murhu.
Nan aka tashi, ciyawa ta cinye gidan.
Nan wasu suka zo suka yi gini a kan na farko
ba su san da su ba."
Sau nawa na ratsa irin wannan zane
ina tsaki don gawayi ya ɓata mini riga?

Gululun mazari. Kashin tama.
Ƙashin akuya da aka fasa don ɓargo.
Tsakiya ɗaya tak, shuɗiya,
ko wace yarinya ta sha faɗa a kanta?
Kowanne da lambarsa a cikin leda
kamar maganin asibiti.

Ranar tara, bayan la'asar,
cokalina ya ce ƙas.
Tsingaro ne, bakin tukunya.
Na hure ƙasa, na ga lotsi a gefe.
Ban san dalili ba, na ɗora babban yatsana,
ya zauna daram.

Wata mace ce ta danna nan
yumɓu yana ɗanye.
Wataƙila goyo na kuka a bayanta,
wataƙila tana sauri don hadari ya haɗo daga gabas.
Ba maroƙin da ya taɓa kiran sunanta,
ba ta cikin jerin masu mulki,
amma ga shi mun gaisa,
ni da ita, a cikin rami, babu shaida sai tururuwa.

Na ce, "Malama, mu sa mata suna."
Ta girgiza kai, alƙalami a baki.
"Abin da ƙasa ta faɗa muke rubutawa, Baba.
Inda ta yi shiru, mu ma mu yi shiru."
Wannan magana ta fi mini kuɗin aikin,
ko da yake kuɗin ma na karɓa.

Da dare Tasalla ta fito da fasasshen tulu
za ta wurga a juji.
Na tsaya ina kallon bakinsa a hasken fitila.
Ta ce, "Lafiya? Yau kuma juji kake gadi?"
Ban iya yi mata bayani ba.

Sun tafi kafin ruwan fari.
Ramin mun mayar masa da ƙasarsa, Nomau ya shuka gero.
Ni na koma rijiyoyina,
sai dai masu aiki na ƙorafi na rage sauri,
wai kowane guga sai na tona shi da yatsa.
Sun ce tsufa ne.
Na bar su a haka.