Komar Labbo

Ƙarfe biyun dare aka shigo da Labbo,
babur ya kayar da shi a gangaren Kwalkwalawa.
Kwandon kifinsa ya watse bisa titi,
jinin da ya bi kwalta ya fi kifin yawa.

Firji babu irin jininsa ko leda guda,
ƙanensa na Silame, sai hantsi zai iso.
Likita Hajaru ta ce a rataya wancan,
ruwa mai ɗan yauƙi da ake tacewa daga ƙashin sa,
ɗan'uwan romon ganda ne da ya yi boko.
Ba jini ba ne, aron cikawa ne,
ya tokare jijiya kada ta motse
kamar salkar da aka manta a rana.
Ya ɗiga, ya ɗiga,
har bugun hannun Labbo ya dawo gida.

Ni wurina ƙurya ne, ɗakin awo,
ni da fanka mai kuka da kwalabe jere.
Ban san fuskar kowa ba, na san fitsarinsa.
Da safe na Labbo ya zo da kumfa a ka,
na tsoma tsinken awo, na auna, na sake:
furotin, abincin tsoka, yana zurarewa,
abin da ƙoda ba ta saba saki ba.

Gabana ya faɗi. An tsamo shi daga kogi,
sai ga rijiya a bakin ƙofa?

Hajaru ta duba takardar, ba ta ɗaga murya ba.
Ta ce ƙoda aiki biyu take:
da fari rariya, ta tace, ta hana manya wucewa,
daga baya 'yan tsince a layi cikin siririn lungu,
suna kama ƙananan da suka kuɓuce
su mayar wa jini kayansa.
Jiya mun turo masu baƙi dubu,
hannu ya cika da baƙi,
'yan gida suka wuce ba mai tare su.
Mu ƙidaya fitsarinsa, mu jira, mu gani.
Wani lokaci cunkoso ne, wani lokaci ɓarna,
ban rantse maka ba tukuna.

Rana ta biyu na karya al'adata,
na bar kwalabe na tafi ganin mai su.
Ga shi kwance, dogo, tafinsa duk kantar igiya,
ƙanen na gefe da auduga a gwiwar hannu.
Na fara bayani, harshena na tuntuɓe da boko,
ya ɗaga yatsa ya tsayar da ni:

“Yaro, wanga ai mun san shi a Rima.
In ruwa ya kawo kainuwa, koma kan cika,
hannu na fama da ciyawa,
'yan tarwaɗa na bi ta gefe suna dariya.
Ba a yanke koma don wannan.
A bari ruwa ya lafa, a shanya, a duba.
In da ɓaraka, sannan a nemo zare.”

Na koma ƙuryata da kunya mai daɗi.

Rana ta uku kumfa ta ragu.
Ta huɗu aka ɗauke wuta, injin ya ƙi tashi,
na zauna ina fifita da takardar wani.
Ta biyar tsinke ya fito fes,
na kai shi taga don kada ido ya yi mini ƙarya.

Bayan wata biyu wani yaro ya yi sallama,
ƙunshin jarida a hannu, mai ya huda ta:
bandar kifi uku, wai a ba mai duban koma.
Ɗaya na kai wa Hajaru.
Biyu na ci a tsaye, bakin famfo,
kwalba goma sha bakwai na jirana.