Lami ko Jummai

Ni ban da agogo. Inuwar katanga gare ni,
da zane biyu da na ja da gawayi
a bangon ɗakin girki, nan Bilbis, cikin Tawa.
Na dama na Barira ne, na hagu na Assumana.

Barira tana Abha, can bisa duwatsu,
inda ta ce gajimare kan shigo ta taga
ya jiƙa mata shanya.
Awa biyu take gaba da ni.
In na ɗora tukunyar rana, ita ta wanke kwanoni.

Assumana yana Piraya, ruwa gaba, ruwa baya,
yana jera kifi cikin ƙanƙara tun da ya tafi.
Shi awa biyu yake bina a baya.
Na sallame asuba, na share tsakar gida,
shi ko juyi bai yi ba.

Ciki ɗaya suka fito, nono ɗaya,
yanzu awa huɗu ta shiga tsakaninsu ta zauna.
Ta kira, yana barci.
Ya kira, ta kulle ƙofa.
Sai kowa ya kawo ƙara wurina:
Inna, ɗanki ya yi girman kai.
Inna, ɗiyarki ta manta da mu.
Ni ce tasha. Nan saƙo ke kwana,
in ɗauka daga wannan in miƙa wa wancan
bayan na rage masa gishiri.

Ran Alhamis ina tsinke zogale,
inuwa ta haye zanen dama da taki guda,
salula ta yi kuka cikin kwando.
Mijin Barira ne, murya na rawa:
An sauka lafiya, mace ce,
ana idar da magariba ta faɗo.
Daren Juma'a ke nan, mun samu Jummai.

Na ɗaga kai. Rana tsaye bisa dogon yaro,
ladanin la'asar bai daɗe da yin shiru ba,
awaki ma ba su dawo ba.
Na ce, wace Juma'a? Lami dai.

Na kira Assumana, ya ɗauka da hannu jiƙe,
injin na ruri a bayansa.
Ya ce, Inna, nan ko azahar ba ta tsufa ba,
Alhamis ce tsakiyarta.
Ya yi dariya har da tari,
rabon da in ji wannan dariyar
tun ranar da ya hau mota a tashar Konni.

Na tambayi Malam Nayusa ta kan katanga.
Ya ce jariri da ranar garin da ya faɗo yake tafiya.
Na ce to, malam, amma kakar fa,
da ranar wane gari ta ji?
Bai amsa ba, ya koma ga butarsa.

Daren nan su biyun sun yi magana, ba ta bakina ba.
Ita ta hana idonta barci, shi ya bar aiki da wuri,
suna musun sunan yarinya kamar da,
lokacin da suke musu kan ƙanzon tukunya.

Ran suna za a raɗa mata na littafi, ba ruwana.
Su ce Jummai can bisa dutse.
In ta zo Tawa, Lami ce.
Na riga na ja mata zanenta a bango,
ƙarami, inda inuwa ta tsaya ran nan.