Saƙon Barma Daga Bakin Teku

Asuba ta same ni a layin famfon Garin Malam,
bido bakwai a gabana, nawa ne na takwas,
sai waya ta motsa cikin aljihu.
Barma ne. Minti guda cur bai ce uffan ba,
wani huci kawai nake ji, yana zuwa yana komawa,
kamar bijimi ya kwanta bayan ya ƙoshi da ruwa.

"Baba, teku ke nan," in ji shi daga ƙarshe.
Na miƙa wa Cima ta kara a kunne,
ta ce, "Wannan ai iska ce cikin gawo,"
ta mai da ido kan famfon da ke tsiyaya kamar mai rowa.

Shekara huɗu ke nan da ya ɗaure jaka arba'in,
ɗinkin hannuna, jar fata da kore,
ya hau motar kudu ranar kasuwar Dole.
A lokacin, ya ce, garin bukkokin masunta ne,
da itacen kwakwa, da otal biyu.
Yau benaye sun fi yatsunsa da nawa.
Inda ya sha shayi bara an zuba siminti,
mai shayin ma ba a san inda ya nufa ba.
Masunta sun kife jirage, sun sa hular gadi,
suna buɗe ƙofa, suna rufewa.

Wai mutane na biyan kuɗin jirgin sama
don su zo su kwanta a rana.
Rana! Mu da muke gudunta tun hantsi.
Rairayi kuwa, daga nan har Tanut, wa ya taɓa tayawa?
Wai a gefen tekun sun sake haƙa tafki,
shuɗi kamar an zuba baba,
ba a sha, ba a ba akuya, ba a jiƙa fata,
shiga kawai ake yi ana fitowa.

Mu ma mun ga baƙi, ba labari aka ba ni ba.
Sun hau duwatsun Birni suna haki,
sun ɗauki hoton zanen bango, sun ɗauki na jaki,
wata doguwa ta zauna a tabarmata rabin yini
tana kallon yadda basilla ke huda fata.
Ta ce za ta dawo da sanyi.
Sanyi nawa ya wuce? Na bar ƙirgawa.

Na tambaye shi, "To kai, kana shiga tafkin?"
Ya yi dariyar da na sani tun yana goye.
Ɗakinsu na bayan otal, su shida,
tekun gishiri ne, ko alwala da shi sai a daure,
famfon unguwarsu sai dare ya raba yake kawowa.
Ashe bido ne a hannunsa da ya ɗaukar mini ƙarar.
Layi ɗaya muke, ni da ɗana,
kansa a Damagaram, wutsiyarsa a bakin ruwa.

Ya ƙara da roƙo, murya ƙasa-ƙasa:
in daina buga sunan garinmu a marfin jaka.
Baƙo na son sunan inda ya yi wanka,
shi zai nuna wa dangi in ya koma.
Na yi shiru har Cima ta taɓa ni, layi ya matsa.

Na yarda. Ciki ba ya jin kirari.
Yanzu sunan garinsu nake bugawa, da kifi a gefe,
ni da ban san kifi ba sai busasshe.
Amma kafin in rufe shafin ciki
nakan sa tsinin basilla in rubuta Damagaram,
ƙanana, inda sai jaka ta tsufa ta yage.
Wata rana, a wata ƙasa mai sanyi,
wani zai leƙa ya ce, "Wannan kuma ina ne?"
Ko da bai zo ba, ya dai yi tambaya.

Bidona ya kai rabi aka ɗauke ruwa.