Abin da Ya Faɗo ta Katanga

Shekara huɗu ba ma gaisawa da Valdemiro.
Kan katanga ne, ƙasa taku guda,
ya ce tasa, na ce ta ubana,
duk layinmu a Mariyana sun ji mu.
Marakujar da ya shuka kuwa
ba wanda ya gaya mata an ɓata.
Ta yaɗo, ta kama waya, ta haura,
tana zubo min 'ya'ya ƙarƙashin igiyar shanya.

Da can sharewa nake yi.
Yau Asabar na ƙirga goma sha ɗaya,
rawaya, sun yamutse kamar gwiwar hannuna,
na ce, Neuza, ɓarna ba kyau.

Na murje fulawa da bota mai sanyi,
da kan yatsu, kada ɗumin tafi ya narkar da ita.
Na shimfiɗa a faranti, na tsattsoka,
na tura tanda.
Ƙofar tandar nan ba ta rufuwa
sai an tokare ta da kujera.

Wuƙa ta shiga ɓawo,
ƙamshi ya riga ni isa falo.
Ciki ruwan zinariya, da baƙaƙen idanu birjik,
kowanne ya zuba min ido
kamar ya san ba ni na yi shuka ba.
Na tace a rariya. Na lasa.
Tsami ya kama ni ta ƙasan kunne
sai da na dafa tebur.
Halin mai ita, na ce.

Gwaiduwa huɗu, madarar gwangwani,
wuta ƙasa-ƙasa, juyi ba tsayawa.
Ƙararrawar cocin kan tudu ta buga uku,
mai gas ya wuce da kiɗan motarsa,
kunun ya yi kauri, ya riƙe bayan cokali.

Farin ƙwai shi ne mai riƙo.
Ɗigon gwaiduwa ɗaya ya faɗa masa,
shi ke nan, ya yi rantsuwa ba zai tashi ba.
Na buga har kafaɗa ta yi tsami,
yana kwance a kwano kamar ruwan wanki.
Na duba kwando, ba ko ɗaya.

Ban ga fitar jikata ba.
Shigowarta na gani, Irasema,
riga a naɗe, ƙwai huɗu a ciki,
ɗaya da gashin kaza manne.
Na ce, daga ina?
Ta nuna katanga da baki.
Wai ya ce ƙamshi ya hana shi jin ƙwallo a rediyo.

Na yi shiru. Na goge kwano da lemun tsami.
Na fasa su ɗaya bayan ɗaya,
da ladabi, kamar mai buɗe wasiƙa.
Sukari cokali-cokali.
Kumfa ta tashi, ta yi fari, ta yi ƙyalli,
na kifa kwano bisa kan yarinyar,
ta yi ihu, ko ɗigo bai zubo ba.

Muka tula ta, muka ja mata tsinaye.
Minti goma muna tsugune
muna leƙe ta gilashin da ya dushe,
har kawunan tsinayen suka yi ja.
Gefe ɗaya ya ƙone, gefen kujera.
Da ta huce sai ta yi hawaye,
ɗigo-ɗigo kamar zuma.
Ban share mata ba.

Yanka mafi girma na ɗora kan katanga,
daidai takun da muka yi wa shari'a.
Ban kira shi ba. Na yi tari kawai.

Da safe faranti na nan, a wanke,
marakuja shida a kai,
da guntun takarda da aka danne da dutse:
Sukari ya yi yawa.

Na ninke ta, na sa a aljihu.
Asabar mai zuwa zan ƙara cokali guda.