Ƙuri'a Ta Bakwai

A Mai Wurno, gindin darbejiyar Dudu mai shayi,
inda kujerun ƙarfe suka san nauyin kowa,
la'asar na yin sakaliya sai a tono tsohuwar shari'a:
agogon hannu ɗaya, masu tsaron raga biyu,
shekara arba'in da 'yan kai, har yau ba a shafa fatiha ba.

Jibo ne mai kunna wutar.
Ya ce, "Dogo ya ci kofi, me ya rage?
Wasa goma sha huɗu, ƙwallo biyar kacal ta wuce shi.
Ga littafi can, ku je ku tambayi tawada."

Sai Makwashe ya dire kofin jabana har ya fantsama:
"Dogo? Da garada huɗu na masakar auduga a gabansa?
Ko tulu ka kafa a ragar nan, da ya ci agogo!
Na gan shi da idona yana ɓare gyaɗa
ana tsakiyar wasa.
Barmo fa? 'Yan su ne a gabansa,
sun kwana a ruwa, sun zo fili da barci a gwiwa.
Ran karawa da 'yan Sinnar
sau goma sha tara aka auno shi,
sau goma sha bakwai ya ce a'a.
Amma aka ƙirga biyun, aka mance sauran."

"Wanda ya sha kashi ba ya ɗaukar kyauta."
"To kyautar hannu ce, ko ta ƙafafun wasu?"
Dudu ta ƙara gawayi, ba ta tanka ba.
Ta ji wannan tun tana goyon Sakina,
yanzu Sakina na da jika.

Mu bakwai ne alƙalai.
Gwangwanin tumatir ne akwatin zaɓe,
takardun kuwa bayan kwalin sigari.
Huɗu da uku aka tashi.
Shida sun riga mu gidan gaskiya,
kowa ya tafi da rantsuwar Barmo ya zaɓa.
Lissafi dai ba ya ƙarya, mutane ke yi.

Ni ne na bakwai, ina kurɓar shayina.
Ban taɓa cin kwabon kowa ba, Allah shaida.
Abin da ya faru ya fi haka ƙanƙanta:
ran wasan Sinnar kwale-kwale ya bar ni a tsallake,
ina cinikin akuya.
Ban gani ba. Na ji kunyar cewa ban gani ba.
Na duba littafi, na rubuta Dogo.

Dogo ya rasu shekarar da kogi ya ci gonaki.
Agogon, an ce, ɗansa ya sayar a Madani
ya sayi taya.

Barmo na nan gefe, kan gadon igiya,
yana ɗinkin koma da lalube,
yanar ido ta rufe masa rabin duniya.
In an ce, "Barmo, an cuce ka ko?"
sai ya ce, "Me zan yi da agogo?
Kifi bai san ƙarfe nawa ba."
Amma na lura, duk sanda aka kai sha bakwai ɗin nan
allurarsa kan tsaya.

Jiya yaron Dudu ya yi tuntuɓe da tire,
kofin gilashi ya taso sama.
Kafin mu ce wayyo,
hannun hagun tsohon ya fita shi kaɗai
ya cafke shi dab da ƙasa, shayin ma bai zube duka ba.

Makwashe ya miƙe tsaye: "Sha takwas!"
Jibo ya ce wannan ba ta cikin littafi.

Na buɗe baki.
Sai aka kira magariba,
na laluba takalmana.